Kafin a kwance talabijin, a fara bin wayar eriya

Sana'ata gyaran talabijin da ɗaura eriya da dish, ina da ɗan shago a cikin Kano, ni da yara biyu masu koyon aiki. Doka guda na kafa musu tun ranar da suka fara zuwa: duk talabijin ɗin da aka kawo da ƙorafin hoto ko murya, ba a taɓa noti ko ɗaya a bayanta sai an jona ta da eriyar shago, sannan a sa mata filas mai bidiyo a ciki. In hoto ya fito tas, murya ta fito garau, to gilashi lafiya, sifika lafiya. Ciwon yana can gidan mai ita, tsakanin saman kwano da bayan akwatin.

Mutane ba su cika son jin haka ba. Mutum ya sha wahala ya ɗauko ta a Adaidaita Sahu, ya riga ya yanke cewa aisi ce, wato ɗaya daga cikin ƙananan sassan lantarkin da ke cikinta, ta ƙone, sai ka ce masa, "Alhaji, talabijin ɗinka kalau take, mu je gida mu ga waya." Wani har kallon zargi zai yi maka. Amma gaskiyar ke nan, kuma abin yana damuna ƙwarai in na ga an kwance lafiyayyar talabijin an yi ta goga mata dalma, an karɓi kuɗin bawan Allah, alhali abin da ya lalace kan waya ne da bai kai kuɗin abin hawan da ya biya ba.

Alamomin sun sauya a 'yan shekarun nan. A zamanin analog, in sigina ta yi rauni hoto yakan yi yashi-yashi, launi ya gudu ya koma baƙi da fari, murya ta cika da shuu, wani lokaci ka ga mutum ɗaya ya zama biyu saboda siginar ta bugi wani gini ta dawo a makare. Ana dai iya lallaɓawa a kalla haka nan. Da dikodojin StarTimes da GOtv suka shigo a 2010 da 2011, kuma gwamnati ta ƙaddamar da komawa dijital a Jos a 2016, har abin ya iso Kano a 2021, sai lamarin ya zama ko akwai ko babu. Hoto ya farfashe gida-gida, ya daskare, murya ta riƙa yankewa kamar mai in'ina, can sai allo ya rubuta babu sigina. Wannan yankewar muryar ita ta fi ruɗa jama'a, shi ya sa suke ɗora laifin a kan sifika.

In na shiga gida, rimot nake fara karɓa in buɗe shafin sigina. Layi biyu ne, ɗaya ƙarfin sigina, ɗaya ingancinta, kuma na ingancin nake sa wa ido. In ƙarfi ya cika amma inganci yana tsalle, sai in sa yaro ya motsa wayar a bayan dikoda ina kallo. Da zarar layin ya yi rawa tare da hannunsa, an gama bincike.

Ita wayar eriya ba kamar wayar wuta ba ce, kuma rashin sanin wannan shi ne tushen yawancin ɓarnar da nake tararwa. A tsakiyarta akwai tsinken jan ƙarfe guda, farar roba ta lulluɓe shi, sai takardar alminiyam, sai saƙar siraran wayoyi, sai rigar waje. Tsinken tsakiya shi ke ɗauke da sigina, saƙar kuma tana kare ta daga hayaniyar waje, kuma bai halatta su taɓa juna ba. Zare ɗaya tak na saƙar, wanda sai ka ƙura ido za ka gan shi, in ya nannaɗe tsinken tsakiya ya isa ya kashe tashoshi duka. A kan dish ma abin ya fi muni, domin risiba tana tura wutar volt 13 ko 18 ta cikin wannan wayar zuwa LNB, ƙwallon da ke gaban faranti. Zaren nan sai ya haɗa gajeriyar hanya, risiba ta ɗauki zafi, wani lokaci ɓangaren da ke ba da wutar ya ƙone. Saboda haka nake hana kowa ɗaura waya ko cire ta risiba tana kunne.

Ga yadda nake koya wa yarana haɗa kai. A yanke wayar a miƙe, a fere rigar waje da reza a hankali ba tare da an datse saƙar ba, a mayar da saƙar baya gaba ɗaya a kwantar da ita a kan rigar, a fere farar robar a bar ɗan guntunta ya zama katanga, sannan a murɗa kan har farar robar ta zauna daidai da gindinsa. Tsinken ya leƙo kaɗan kawai. In ya yi gajere ba zai taɓa ba, in ya yi tsawo zai lanƙwashe ko ya buɗa ramin dikoda.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne haɗin salatif. Waya ta gaza, sai a samo guntuwa a murɗe su da hannu a naɗe da baƙin salatif a jefa a kan kwano. Zafin watan Afrilu ya narkar da gam ɗin, ruwan farko ya sauka, wurin ya sha ya ƙoshi. Akwai ɗan ƙarfen haɗi mai zare gaba da baya da ake sayarwa a Sabon Gari don wannan aikin, ba shi da tsada ko kaɗan. Na taɓa zuwa gidan wata Hajiya da ta ce kullum aka yi ruwa sai tashoshinta su ɓace, in rana ta buɗe su dawo. Da na cire wayar daga bayan dikoda, ruwa ne ya ɗigo min a tafin hannu, kan ya yi kore shar da tsatsa. Ruwan ya shiga ta tsagar da ke sama, ya bi cikin saƙar har falo. Na ce mata, "Hajiya, wannan wayar ba ta gyaruwa, sai dai sabuwa." Waya in ta sha ruwa, ko an yanke bakinta cikin ya riga ya ruɓe. Muka ja sabuwar wayar eriya samfurin RG6 guda ba haɗi, muka naɗe kan na sama da kyau, muka bar mata ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga bango, yadda ruwa zai ɗige a waje.

Sau da yawa ana tambayata dalilin da wasu tashoshi ke fita wasu su ƙi, alhali eriya ɗaya ce. Tashar da mitarta ta fi sama ita ta fi saurin rasa ƙarfi a cikin doguwar waya ko mara kyau. Tsofaffin masu gyara sun san haka tun zamanin CTV 67, wadda yanzu ake kira ARTV, don lamba 67 tana can kusa da ƙarshen layin UHF. Haka abin rarraba sigina zuwa ɗakuna: mai baki biyu ma kowane baki ƙasa da rabi yake samu. Sai a ruga a sayo busta, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina. Busta tana da amfani in an sa ta kusa da eriya, wayar kuma tana da lafiya, amma in siginar ta riga ta gurɓace, gurɓatar za ta ƙara wa ƙarfi. A unguwannin da ke kusa da turken tasha ma takan cika tuna, wato sashen da ke kama tashoshi, har hoto ya ɓace, cire ta shi ne maganin.

Akwai wata matsalar murya da ake ɗora wa eriya ba laifinta ba. Talabijin 'yar gwanjo da ta fito daga Ingila, in ana kama analog da ita, ko an jona ta da dikoda ta ramin eriya, sai hoto ya fito lafiya murya kuwa shuu zalla. Tsarin muryar Ingila ana kiransa I, namu na Najeriya kuma BG, tazarar muryar da hoton ba ɗaya ba ce. A shiga saitin a mayar da shi BG, ko a koma amfani da wayar HDMI ko mai kai uku, shi ke nan.

Ba na cewa talabijin ba ta lalacewa. Yaro yakan fizgi waya ramin eriya ya ɓalle daga jikin tuna, wannan dole a buɗe a yi dalma. Tsawa ma takan biyo waya ta ƙone tuna har da babban bod, shi ya sa da hadari ya haɗo nake cewa a cire wayar eriya tare da ta wuta, kashe soket kaɗai bai isa ba. Hawa sama kuwa, ina roƙon magidanta su daina tura yara su juya eriya. Sandar ƙarfe ce doguwa, wayoyin wuta kuma a lungunanmu sun sauko dab da rufin gidaje. Ni kaina ba na barin yarana su ɗaga sanda sai ina tsaye a wurin, kuma ba ma hawa kwano yana jiƙe ko iska tana kaɗawa, ko da mai gida yana sauri a gama kafin a fara ƙwallo.