“Anya” ta Faransawa

A ajin Faransanci mun haddace ƙa'idar kamar karatun allo: “je pense que” (ina ganin cewa) na tafiya da indicatif, wato sigar fi'ili ta faɗin abu a matsayin tabbas, “je ne pense pas que” (ba na ganin cewa) na jawo subjonctif, wato sigar fi'ili ta shakka ko fata. In tambaya ce kuma aka sa fi'ili gaban wakilin suna, wato “penses-tu que” ko “croyez-vous que”, malam ya ce mu zuba subjonctif. Na zuba, na ci jarrabawa, ban taɓa neman dalili ba.

Dalilin a Maraɗi ya same ni, lokacin da nake yi wa wani Alhaji tafinta. Kayansa na kan hanya daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano, ya kuma ɗaukar wa abokan cinikinsa na Jibiya alkawarin Juma'a. Mutumin da ya fitar masa da kayan ya dube shi ya ce: “Croyez-vous que le camion puisse arriver vendredi ?” Na juya na ce, “Alhaji, yana tambaya ko kana ganin motar za ta iso Juma'a.” Alhaji ya ce in sha Allahu, aka tashi. Mota ba ta iso ba sai Talata.

Kalmomin duk na fassara su, amma na zubar da abu guda. Da “pourra” ta indicatif mutumin ya ce, tambaya ce tsakani da Allah, yana jiran amsa. Da ya zaɓi “puisse” ta subjonctif, shakkarsa ce ya cusa cikin fi'ilin don kada ya ƙaryata babba a gaban mutane. Abin da ya kamata in faɗa shi ne, “Alhaji, cewa yake anya kuwa motar nan za ta iso Juma'a?” Mu muna da kalma guda ta wannan aiki. Su sai su lanƙwasa fi'ili.

Daga nan sauran suka warware mini. “Ne crois-tu pas qu'il a raison ?” (ba ka ganin yana da gaskiya?) yawanci indicatif take ɗauka, don mai tambayar ya riga ya yarda, so yake kawai ka gyaɗa kai. Subjonctif kuma ba shi da siga ta lokaci mai zuwa, shi ya sa “puisse” ta ɗauki nauyin Juma'ar da ba ta zo ba tukuna.

Sai dai ba kowane subjonctif ne anya ba. Wani ƙasaitar magana ce kawai, irin ta 'yan jarida da manyan ofis. A kasuwa kuwa “est-ce que tu penses qu'il va venir ?” (kana ganin zai zo?) za ka fi ji, da indicatif, ko da mai maganar cike yake da shakka, a nan sai ka karanci murya da fuska.

Da na yi wa Alhaji bayani daga baya, dariya ya yi ya ce, “Kai yaro, ai ni tun daga girarsa na gane. Kai ne dai ba ka gane ba, ga boko.”