Rarar kuɗin wutar da ba ta kai hannun ma'aikata a kan lokaci ba

Ni nake kula da harkokin ma'aikata a wata masana'antar roba da ke Sharaɗa a Kano, inda muke buga bokiti da buta da kujeru. Da hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A, wato rukunin da aka ware wa wutar aƙalla awa ashirin a rana, zuwa naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, ga dizal kuma ya riga ya yi tashin gwauron zabo, sai manya suka tuna da batun tattalin wuta da rage shara, suka ɗora mini.

Takardun da muka manna a bango ba su sauya halin kowa ba. Abin da ya motsa mutane shi ne da muka sa tattalin wuta da roba cikin takardar auna ƙwazo, aka kuma yi musu alkawari cewa duk rarar da sashe ya yi, ma'aikatansa na da kaso.

Nan na sha mamaki. Wani dattijo mai kula da kwamfuresa, wato injin matsa iska, ya tsayar da ni bayan an kashe injuna, ya ce, "Yallaɓai, kasa kunne." Iska ce ke tsiyaya daga tiyo ta ko'ina. Ya shafa ruwan sabulu a mahaɗa, kumfa ta taso. Shekaru ke nan ya san da wannan ɓarna, ba wanda ya taɓa tambayarsa. Samari suka fara kashe hitar injin idan za a tafi Juma'a. Guntayen robar da ake ƙonawa a bayan katanga, hayaƙin na shiga gidajen maƙwabta, aka koma niƙa su ana sake narkarwa. Takardar kuɗin wuta ta sauka, kowa ya gani.

Da lokacin biya ya yi, ofishin kuɗi ya ce kamfani na cikin matsi, a dakata. Har yau abin na ci mini rai, domin da bakina na isar da alkawarin, a gaban kowa. Kuɗin da aka hana bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da rarar. Kafin wata ya zagayo an koma gidan jiya: hita na ci babu kowa a kai, in ka yi magana a ce, "Oga, ai wutar kamfani ce." Dattijon nan ma ya daina kirana.

An biya daga baya, amma yardar ba ta dawo yadda take ba. Duk mai irin aikina da zai shiga wannan harka, kada ya buɗe baki sai mai kamfani ya sa hannu a rubuce. A riƙa biya wata-wata ko da kaɗan ne, a kuma ware masa layinsa a takardar albashi. Yanzu haka muke yi, kuma sashen niƙa ne kawai ya koma ƙwazonsa na farko.