Litinin, 6 ga Yuli 2020

Yau muka koma ofis. Tun ranar Alhamis da Gwamna Ganduje ya ɗage dokar kullen korona a Kano, ya ce ma'aikatan gwamnati daga mataki na 12 zuwa sama su fito yau, Oga ya turo saƙo ta WhatsApp cewa mu ma ba mu da sauran uzuri, duk da mu ba na gwamnati ba ne. Wallahi na ji daɗi. Zaman gida tun tsakiyar Afrilu ya ishe ni, har cunkoson Ƙofar Nassarawa sai da na yi kewa.

A bakin ƙofa bokiti mai famfo da sabulu, ga Baba mai gadi riƙe da na'urar auna zafin jiki yana saita wa kowa a goshi, takunkuminsa a haɓa. Gaisuwa daga nesa. Hajiya ta ƙara ƙiba, ba wanda ya tanka.

Wajen sha ɗaya Oga ya tara mu, kujeru a wawware. Ya fara da addu'a ga waɗanda aka rasa a garin nan cikin Afrilu da Mayu, ɗakin ya yi tsit, don ba wanda bai yi ta'aziyya ta waya ba a lokacin. Daga nan ya shiga kiran sunaye, kowa takardar yabo da ambulan, wai mu ne muka riƙe kamfani daga gida. Aka yi ta tafi. Ni ma na karɓi tawa ina washe baki a bayan takunkumi, alhali rabin tarukan Zoom ɗin nan ina yanka alayyahu na yi su.

Bayan azahar na tarar da Baba yana cika bokitin ƙofa.

"Baba, ban gan ka a ciki ba."

Ya yi dariya. "'Yata, ai taron waɗanda suka dawo ne. Ni da ban tafi ba, wa zai yi mini barka da dawowa?"

Da wasa ya faɗa, amma tun ɗazu maganar ta ƙi barina. Da aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi bai samu zuwa gida Gumel, can Jigawa, ba. A ɗan ɗakin nan na bakin ƙofa ya yi azumi kaf, a nan ya yi ƙaramar Sallah, mai shayin layin ma ya rufe. Shi yake tayar da janareta lokaci-lokaci kada ya lalace, shi ya kwashe fayil-fayil daga ƙasa da ruwan farko ya shigo ta rufin sito. Da bai kwashe ba, da yau ba tafi muke yi ba. An buɗe hanya tun 1 ga Yuli, amma ya ce yana jin nauyin neman izini ana fara aiki. Burinsa kawai ya yi Babbar Sallah cikin jikokinsa.

Na wuce wurin Hajiya na tambaye ta yadda aka yi sunansa ya faɗi. Ta ce ita jerin masu karɓar albashi ta banki aka ce ta kawo, shi kuwa Baba a hannu ake ba shi, shi da Iya mai shara. Ba mugunta, na sani. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, ba wanda ya hana su, mantawa kawai aka yi. Ta ce in bari sai ƙarshen wata. Ƙarshen wata kuma Sallah ce.

Na leƙa ofishin Oga, ya riga ya fita. Gobe da safe zan tare shi kafin ya zauna, maganar hutun Baba tukuna, ambulan daga baya.

Ruwa kamar da bakin ƙwarya a hanyar dawowa. Ɗan sahu ya ƙara kuɗi, wai korona. Umma ba ta bari na zauna ba sai da na yi wanka, kuma ta riga ta tambayi nawa ne a cikin ambulan.