Iskar ce ta ɗauke, ba gas ba: yadda muka gyara fankar esin motata

A Katsina, da zarar esin mota, wato na'urar sanyaya iska, ya samu matsala, maganar farko da za ka ji ita ce gas ya ƙare. Haka aka yi ta faɗa mini a watan Afrilu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40. Amma motar da gas ɗinta ya ƙare tana hura iska, sanyi ne kawai babu. Tawa, Corolla ƙirar 2007, iskar ce kanta ba ta fitowa. In na murɗa makunnin fanka zuwa mataki na ɗaya, na biyu, na uku, shiru kake ji. Sai na kai shi na ƙarshe sannan ta taso da gurnani. Daga baya shi ma na ƙarshen ya koma yau ya yi, gobe ya ƙi.

Na kai ta wurin wani dattijon rewaya a wajen Ƙofar Ƙaura. Yana gama saurarena ya ce, "Alhaji, kada ka bari a taɓa maka gas, ba can cutar take ba." Fanka ɗaya ce ke tura iska a cikin mota, ko ta esi ko ta hita, tana ƙarƙashin akwatin takardu da ke gaban mai zaman banza. In ta tsaya, sanyi ba zai fito ba a bazara, ɗumi ba zai fito ba da asubar hunturu.

Fis da rile, waɗanda wuta ke bi ta cikinsu kafin ta isa fanka, bai daɗe a kansu ba, tunda fankar da ke tashi a wani mataki wuta na isa gare ta. Razista ya nufa, wani ɗan faranti da ke ɗaure da sukuru biyu kusa da fankar. Aikinsa rage wuta don fanka ta juya a hankali a ƙananan matakai. Matakin ƙarshe ba ya bi ta cikinsa, shi ya sa in ya ƙone sai wannan matakin kaɗai ya rage. Mitar gwajin wuta ta tabbatar ya yanke.

Na ɗauka an gama, sai ya ce, "Saura mu san abin da ya ƙona shi." Ya kunna makunni a matakin ƙarshe, fanka ta ƙi motsi. Ya ɗan ƙwanƙwasa jikinta da ƙotar sukundireba, nan take ta tashi. Wannan alama ce kabon, wato ɗan gawayin da ke kai wuta cikin injin fankar, ya cinye, ba ya taɓa inda ya kamata sai an girgiza shi.

Sukuru uku ya kwance, fankar ta sauko a hannunsa. Tsakanin haƙoran robarta jar ƙura ce ta daskare kamar yaɓen laka, ga busassun ganyen bedi sun cushe a tsakiya. Na juya ta da yatsa, ta yi rabin zagaye ta tsaya, alhali lafiyayya takan ci gaba da juyawa. Filtar tace iska da ke bayan akwatin takardu kuwa, da na ɗaga ta saitin rana ko haske bai ratsa ta ba.

A nan na fahimci yadda abin ya biyo. Razista yana zafi, kuma iskar da fanka ke turawa ce ke sanyaya shi, don haka ne aka dasa shi a cikin hanyar iskar. Filta ta toshe, iska ta ragu; fanka ta yi tauri, tana jan wuta fiye da ƙima. Wanda ya sauya razista kaɗai ya bar waɗannan biyu, zai sake saye ba da jimawa ba.

Akwai masu gajarce hanya su haɗe wayar kai tsaye, ko su naɗe ƙonannen fis da silin waya. Ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Fis don ya yanke kafin waya ta narke aka sa shi, kuma bayan dashbod roba ce da soso. Motar da nake ɗaukar iyalina a ciki ba zan sa a yi mata haka ba.

Ana iya sauya kabon kawai in jan ƙarfen da yake goga bai zaizaye ba, amma nawa ya riga ya yi rami, sai na sayi wata fanka 'yar Beljiyam. Kafin na biya, na ce wa mai shago, "Malam, a ɗora ta a batir in gani." Ta juya sumul, ba rawa ba ƙara, soket ɗinta kuma ya yi daidai da na motata. Muka ɗaura ta tare da sabon razista da sabuwar filta, matakai huɗun duka suka dawo, da sanyinsu, da tsohon gas ɗin da aka ce ya ƙare.

Filta ita ce mafi arha a cikin ukun, kuma ba ta buƙatar bakanike: ka sauke akwatin takardu, ka zaro ta, ka lura da kibiyar da ke gefenta don ka mayar da ita daidai. Yanzu ina duba tawa kafin hunturu, ina sauya ta da zarar hazo ya wuce, musamman in na yi ta zirga-zirga a hanyar Daura cikin ƙura.