Ruwan da bai sauka a kaina ba

Masu tambayata game da hawan keke ni kaɗai a duwatsun da ke arewa da Garwa a ƙasar Kamaru yawanci kuɗin keken suke son ji, ko yawan giyarsa, ko kuma inda na sayi hular kwano. Har yanzu ban haɗu da wanda ya tambaye ni game da mayo ba, wato rafin da ke bushewa sai an yi ruwa ya cika, alhali kuwa mayo ne ya hana ni kwana a gida wani dare na watan Agusta, ya kuma sa mahaifiyata ta kwana a kan sallaya tana kuka.

Hanyar da na saba bi tana barin kwalta kafin a kai Pitowa, ta ratsa gonakin auduga da na masara, sannan ta zagaya gindin Dutsen Tingelin. Da safe na tarar da wani mayo a bushe, yashi zalla, sai ɗan danshi a tsakiya. Na sauka na tura keken na haye kamar kullum. Hawan ya yi daɗi, ko ƙaya ɗaya ban taka ba, kuma tun daga hantsi har bayan azahar ko ɗigo bai taɓa jikina ba. Na dai hango hadari can nesa a kan tsaunuka, na ji tsawa sama-sama.

Da na juyo bayan la'asar, sai na ji rugugi tun kafin in ga komai. Wurin da na taka da ƙafata da safe ya zama jan ruwa mai gudu, ɗauke da itatuwa da karan dawa, yana cin gaɓa yana zubarwa. Ruwan da ya sauka a kan dutse ba ya samun ƙasar da zai nutse, saboda haka duk kwazazzabai sukan tattaro shi su zuba a mayo ɗaya cikin ɗan lokaci, wanda ke ƙasa kuwa yana iya kasancewa cikin rana tsaka bai san an yi ba.

Na riga na saɓa keken a kafaɗa ina neman wurin da ya fi faɗi, sai wani dattijo da ke kora shanunsa ya daka mini tsawa da Fillanci, da ya ji harshena kuma ya juya Hausa. Ya ce, "Ɗana, ajiye ƙarfen nan. Saniya ma ba na barinta ta shiga wannan." Na ce, "Baba, ai bai wuce gwiwa ba." Ya ce a baki ne bai wuce gwiwa ba, yashin tsakiya kuwa ruwa ya riga ya kwashe shi. Daga baya na karanta cewa ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, balle wanda ya ɗauki keke, ga takalmi cike da laka.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wayata. Cike take da caji, ga taswira a ciki, amma a cikin wannan kwarin babu sabis ko kaɗan. Na so in hau tudu in nema, dattijon ya hana, domin magariba ta gabato, kuma lokacin ne kububuwa ke fitowa, ita kuwa a kwarin Binuwai ba baƙuwa ba ce. Ga kuma abin da ban taɓa sa wa rai ba: baƙon da aka gani shi kaɗai a jeji da duhu, da hula da tabarau da jaka a baya, a yankin da mutane suka sha fama da masu garkuwa da mutane, zargi ne zai fara tarbarsa. Tun sace wani iyalin Faransawa kusa da Waza a 2013 masu irin sha'awata suka rage zuwa tsaunukan Mandara da Rumsiki, ni ma na zaɓi kusa da gida ina ganin na huta da wannan tunani. Dattijon ya kai ni wurin jauro, wato mai gari, da kansa, na nuna katin shaida, na faɗi unguwarmu da sunan mahaifina, sannan aka ba ni tabarma da fura.

Abu ɗaya da nake alfahari da shi a ranar shi ne takardar da na bar wa yayana, wadda na rubuta hanyar da zan bi da ƙauyukan da zan ratsa, na kuma ce idan aka kira isha'i ban dawo ba a neme ni. Saboda ita bai ɓata dare yana zagaya asibitoci ba. Ya ɗauki mai babur suka zo har ɗaya gaɓar, suka haska fitila, aka aika yaro ya kira ni, muka yi magana da ihu ta saman ruwa. Ya ce, "Kai, kana lafiya?" Na ce, "Lafiya lau, Yaya, a gaya wa Inna." Sai dai kafin saƙon ya isa gida dare ya raba.

Kayan faci da famfo da ruwan sha da tocila kowa ya san da su, ba sai na tsaya a kansu ba. Abin da na sauya shi ne lissafin hanya. Daga Yuni zuwa Oktoba ba na zaɓar hanyar da mayo zai shiga tsakanina da kwalta, in kuwa dole ce, sai in haye in dawo kafin azahar, kuma ina duban saman duwatsu fiye da saman kaina. Ina tsayawa a ƙauyen farko in gaisa, in faɗi inda na nufa, in tambayi manoma ko an yi ruwa a sama jiya, domin su ne suka san wane mayo ke cika cikin gaggawa da wanda ke daɗewa bai janye ba. Takardar Yaya kuma yanzu tana ɗauke da sunan kowane mayo da zan tsallaka.

Ruwan ya janye kafin asuba. Na haye da hantsi yana iya idon sawu, amma baƙar lakar da ke bakin gaɓa ta cushe tsakanin taya da ƙarfe har ƙafafun suka daina juyawa, sai da na yi ta ƙwaƙule ta da tsinke kafin in kai kwalta. Inna ta sa an kulle keken a ɗakin ajiya har kaka, kuma kuɗin mai babur na wannan dare daga aljihuna Yaya ya karɓa.