Kumfar da ta ci mini wata huɗu

Jiya na miƙa makullin ɗakin gwaji, na hau Keke Napep zuwa Ƙofar Ƙaura, ban ko waiwaya ba.

Aikina shi ne tsamo furotin daga ruwan awara, wanda mata ke zubarwa a kwata. Ana hura iska ta ƙasan dogon bututun gilashi, furotin ya manne wa ƙwayoyin iskar, ya hau sama cikin kumfa, a kwashe. Ruwan da ya biyo shi yana tsiyayewa ta 'yan hanyoyin da fatun kumfa uku ke haɗuwa, kowace kusurwa digiri 120, kamar yadda wani masanin kimiyya ɗan Beljiyam mai suna Plateau ya bayyana. In wata fata ta miƙe ta sirance, ɗaurin saman ruwa, wato ƙarfin da ke tamke fuskar ruwa, sai ya ƙaru a wurin, ya jawo ruwa daga gefe ya cike gurbin. Wannan jan, da aka laƙa wa sunan masanin kimiyya Marangoni ɗan Italiya, shi ke hana kumfa saurin fashewa.

Duk na haddace wannan kamar karatun allo. Garin sabulu ne ya kayar da ni. Da shi nake wanke bututun, in ɗauraye sau ɗaya, ina sauri kafin a ɗauke wuta. Kumfa kuwa ta dinga tashi fara sol har tana ambaliya, ni kuma ina ta ɗaukar hoto. Ashe ragowar sabulun ne ya mamaye fatun, ya ture furotin gefe. Baban da ke share ɗakin ya taɓa tsayawa da tsintsiya a hannu ya ce, "'Yata, kyan kumfar nan ya yi yawa." Na yi dariya kawai. Ranar da aka auna tarin wata huɗu, kusan ruwa ne tsagwaronsa.

Malamin da ke duba aikina, wanda sau biyu ya ga hotunan yana cewa madalla, shi ne ya miƙe gaban kwamiti ya ce bai taɓa ganin sakarci irin wannan ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, kuskurena ne." Nawa ne, amma ba ni kaɗai ba, shi ma ya sani.

Ku da za ku gaji bututun: ku auna samfurin farko a ranarsa. Kada gaggawa ta sa ku ƙara iska, kumfa za ta jiƙe ta surka muku furotin. Ku ajiye rubutacciyar shaidar duk abin da malami ya amince da shi.

Cikin azumi na sake aikin daga tushe, ya kuma fito. Sunan Malam ne a farkon takardar binciken. Baba kuwa goro na kai masa.