Ƙarar da ke bin bugun zuciya

Talata, Kaduna.

Da safe aka kawo wata mata daga Rigasa, kunnenta na dama yana "fuu, fuu", musamman da dare. "Likita, kamar ana hura zugazugi a kaina," in ji ta. Na ce, "Hajiya, taɓa wuyan hannunki, ki ji ko tare suke tafiya." Tare suke. Da aka danna gefen wuyanta na dama a hankali, ƙarar ta ɗauke. Aka saki, ta dawo. Gefe ɗaya kawai ake dannawa, kuma ba da ƙarfi ba.

Wannan na nuna ƙarar daga jijiyar wuya take, wadda ke sauko da jini daga kai. Tana da wani kumburi a ƙarƙashin kunnen tsakiya, siririn ƙashi ne ya raba su. A wasu mutane kumburin yakan haura sama fiye da ƙima, ko ƙashin ya zama babu shi, galibi a dama domin jijiyar can ta fi girma. In ya tokare zagayayyiyar tagar da ke jikin katantanwar kunne, wato sashen ji da ke can cikin kunne, ji ya ragu. In ya ci ƙashin siririyar hanyar da ruwan kunnen ciki ke bi, sai jiri, da toshewar kunne, da ji mai zuwa yana tafiya.

A bayan dodon kunnenta, ta ƙasa, akwai wani abu shuɗi-shuɗi. Nan haɗarin yake. Wanda bai sani ba zai ɗauka ruwa ne ya taru, ya tsaga, jini ya ɓalle. In abin ja ne kuma ta gaba yake, ana zargin jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ce ta kauce hanya, wannan ta fi muni. Tsinke, gashin kaza, aska, duk kada su kusanci irin wannan kunne.

An tura ta gwajin ji, da hoton CT na ƙashin kunne, wato hoton na'ura da ke nuna ƙashi yanka-yanka, kowane yanka ƙasa da milimita 1, domin yanka mai kauri yakan tsallake ɓular da ke ƙashin. An auna hawan jini da yawan jininta ma, tunda ƙarancin jini da juna biyu suna ƙara wa ƙarar ƙarfi. Da yawa daga masu wannan matsala ba sa bukatar tiyata.

Tana ɗaura mayafi ta ce, "To ba iska ba ce ke nan?" Na ce, "Jininki ne kike ji, Hajiya. Ki dawo da hoton ranar Alhamis."